Jana'izar Malam Yayyafi

Duk wanda ya zauna rubuta tarihin ilmin boko a ƙasar Hausa bai ware wa safa babi guda ba, to ya zalunci tarihi. Cikin safa aka kawo mana ilmin nan. Turawan da suka koyar da mu sun bambanta a hali da yawan bulala, amma safarsu ɗaya ce: ta ulu, doguwa har gwiwa, a watan da ƙadangare ma yake neman inuwa. Mu kuwa muna kan benci muna kallon ƙafafunsu, muna zaton a nan ilmin yake taruwa. Sai da na sauka Landan da 'yar safar nailan ta Kantin Kwari na gane ba ilmi suke ɓoyewa a ciki ba. Tsoron sanyin garinsu ne bai sake su ba.

Lokacin nan kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa aljihun zubawa, sai ta shiga tura mu ƙasashen waje kamar mai rabon sadaka. Ni Garba, malami a kwalejin horon malamai, rabona ya faɗo kan kwas na shekara guda, a koya mini koyar da karatu da na'urar haska hoto a bango. Ƙauyukan da ɗalibaina za su je ba su da lantarki, wasu ma bangon ba su da shi. Ban gaya wa kowa wannan ba. An ba ni tikiti, na karɓa.

Mutumin da ya fara yi mini magana a Ingila direban tasi ne, shi ne kuma ya fara cutata. Na ce masa Stratford. Da muka haye wata gada, na yaba kyanta. Da muka sake haye ta, na ce ashe gadojinsu kama suke yi. A karo na uku na yi shiru, don na gane kuɗin darasi nake biya.

Gidan da aka ce an kama mini ɗaki, matar ta buɗe ƙofa, ta dubi fuskata, ta ce an riga an ba wani. Allon da ke cewa akwai ɗaki yana nan a tagarta, yana nan kuma har na bar ƙasar. Na yi ta jan akwati cikin ruwa har na samu wani ɗan aƙurki a saman shagon mai soya kifi. Mai gidan ya rantse akwai hita, na'urar ɗumama ɗaki. Akwai kuwa. Ta yi wa ƙasarta aiki a zamanin yaƙi, ta yi ritaya.

Amma ba sanyi ne ya fi cina ba, rashin gaisuwa ne. A gida, daga ƙofata zuwa makaranta, gaisuwa ce take sa ni makara. A nan sai in wuni bakina bai buɗe ba sai don salla da burodi. Akwai wata tsohuwa da muke haɗuwa a matakala. Ran da na yi ƙarfin hali na tambaye ta kwanan iyali, sai ta mayar da jakarta ɗaya hannun. Na kai matsayin da nakan je tasha in sayi tikitin da ba na bukata, don kawai mai sayarwa ya ce mini ya gode.

Ana cikin haka na ji Alhaji Sule ya shigo gari. Ajinmu ɗaya da shi a makarantar midil. Shi ne kurar baya a lissafi, shi ya sa Allah ya ba shi kwangilar shigo da siminti, don kada ya wahala da ƙananan lambobi. Na same shi a otal, ɗaki cike da kwalayen fanka da rediyo da leshi.

"Malam Garba! Har yanzu alli? Dubi wuyanka kamar na zalɓe. Ba sa ba ku abinci ne?"

"Ilmi suke ba mu, Alhaji."

"Ai na gani a jikinka. Zauna ka ci kaza." Sai da na kusa gama cinya ya ce, "Ka san wa na gani? Yayyafi."

Na ajiye ƙashin.

Sunansa na gaskiya Mista Makinnis. Bature ne, amma in ka kira shi Ingilishi sai ya ɓata rai. Mutumin Sikotland ne, daga wani tsibiri can ƙarshen arewa, inda suke da nasu harshen daban. Ya bar gida yana saurayi, ya yi kusan shekara talatin yana koyar da Turanci da labarin ƙasa a lardinmu. Mawaƙi ne kuma. Ran Alhamis da la'asar yakan karanta mana waƙoƙinsa cikin harshen tsibirin, sannan ya fassara. Duk wadda ya ɗauko akwai ruwan sama a ciki: ruwa kan duwatsu, ruwa kan tumaki, ruwa kan kabarin uwarsa. Shi ya sa muka sa masa Yayyafi. Ya sani, ya ce sunan ya fi wanda ubansa ya raɗa masa.

Ni kuwa tsakanina da shi ya wuce aji. Da mahaifina ya rasu ina aji biyu, baffannina suka ce in dawo gona. Malam ya hau kekensa har ƙauyenmu, ya bi gawar a ƙasa har maƙabarta, ya zauna kan tabarma aka yi makoki da shi. Da aka watse ya ɗora ni a bayan keken ya mayar da ni makaranta.

"A ɗakin karanta jaridu na ofishin jakadancinmu na gan shi," in ji Sule. "Yana karanta jaridar da ta tsufa. Kwat ɗin jikinsa, wallahi ko maigadina ba zai sa ba. Na miƙa masa ɗan wani abu, ya ƙi. Wai in ina da goro ya fi so."

Ya gaya mini unguwar, wai Thamesmead.

Ran Asabar na ƙulla goro na kama hanya, na kuma hau bas ɗin da ba shi ba. Kwandastan baƙar fata ne. Ya dubi hulata ya ce, "Kai Hausa ne?" Mutumin zangon Kumasi ne. Na kusa rungume shi. Ya ce, "Wannan mota ba ya zuwa can. Ka sauka bakin ruwa, ka shiga jirgi, shi kyauta ne." Da zan sauka ya ga yadda yatsuna suka ƙage, sai ya zare safar hannunsa ya tura mini a aljihu. Ban tambayi sunansa ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Wanda ya zana Thamesmead ina jin bai taɓa ƙaunar ɗan Adam ba. Fadama aka samu aka zuba mata kankare, aka ɗora gidaje bisa gidaje, aka haɗa su da hanyoyi a sama inda iska take bi ta yanki kunne. Ƙofofi duk iri ɗaya. Lif yana wari. Na yi ta hawa da sauka har na sami lambar, na ƙwanƙwasa, na yi sallama da ƙarfi kamar a zaure.

Aka daɗe. Ƙofa ta buɗe kaɗan, sarƙa tana riƙe da ita.

"Garba ne, Malam. Ɗalibinka na midil."

Ido ɗaya ya yi ta kallona. Sannan ya ce da Hausa, "Garba? Wanda ya kai kogin Nilu ƙasar Hindu?"

"Shi ne, Malam."

"To shigo, kafin ka matsar mana da wannan ma."

Na durƙusa zan gaishe shi, ya ce in tashi, ƙasan da laima. Sai ya fara: ina gajiya, ina iyali, ina labari, yaya aka ji da hanya, yaya mutanen gida, yaya damina ta bana. In na amsa ya sake ɗauko wata. Ya yi ta jan gaisuwar kamar mai ƙishirwa ya samu randa, har na gane shi ma ya daɗe bai yi ba.

Mutumin da muke gani kamar rimi ya koma kara. Bango ya yi baƙi da danshi. Littattafai a kwalaye, kujera ɗaya, sai wani tsohon tumtum na Kano da ya fashe, a kansa na zauna. Ya dama mana kunun hatsinsu, ya barbaɗa gishiri maimakon sukari, na sha don ladabi. Goron kuwa haƙoran da za su tauna babu, sai ya goge shi a magogin cuku ya zuba a baki, ya rufe ido.

Daga ranar, kowace Asabar ina can. A hankali na ji sauran labarin. Da lokaci ya yi da za mu riƙe makarantunmu da kanmu, ya ce daidai ne, don haka ya koyar da mu, ya tattara ya koma tsibirinsu. Ya tarar an sayar da gidan ubansa ga masu zuwa hutu. Tsaransa sun mutu ko sun yi ƙaura, yara kuma suna kiransa mutumin Afirka. Ƙanwarsa kaɗai ta rage, Morag, mijinta ya rasu, da kyar take riƙe kanta. Bai iya zama ya ci nata ba. Ya gangaro Landan yana cike gurbin malaman da ba su zo aiki ba, a makarantun da yara ke jifan malami da rula. Da ƙarfi ya ƙare, kansil, wato hukumar gari, ta ba shi wannan ramin.

Na tambaye shi waƙa fa.

"Masu jin harshen ba su kai 'yan kasuwar ƙauyenku ba, Garba, rabinsu kuma kurame ne. A wurinku na yi shekara talatin ina waƙar ruwan sama. Ga ni cikin ruwan, yanzu ba abin da ke zuwa mini sai inuwar darbejiya da kukan kurciya da azahar." Ya yi tari mai tsawo. "Kada ka zama mawaƙi. Ka zama ɗan kwangila."

Tarin nan bai bar shi ba. Wata Asabar na ƙwanƙwasa shiru, maƙwabciyarsa ta leƙo ta ce motar asibiti ta ɗauke shi. Na bi shi can. Asibitinsu akwai tsabta, akwai magani, babu mutane. A gida da an shimfiɗa tabarmi har waje, ana shigo da kunu ana fita da kwano. A nan ni kaɗai ne, ni ma sai agogo ya yarda. Harsunansa uku suka cakuɗe, ya fara magana da nas da Hausa, ni kuma da harshen tsibiri. Ganina na ƙarshe da shi ya kama hannuna ya ce, "An yi ruwa?"

"Ana yi, Malam. Tun safe."

"Ba wannan nake tambaya ba."

Da na dawo, an gyara gadon, an sa wani.

Na tambayi nas yaushe za a kai shi, don ni a zatona kafin la'asar an gama. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta tura ni ofishin kansil. Can na samu wani saurayi mai ladabi da taye. Ya ce sun aika wa ƙanwar mamacin, ba amsa. Hunturu ne, teku ta yi fushi, jirage ba sa haye wa tsibirin, gidanta kuma ba tarho. Gawa tana firji. In ba wanda ya fito ya ɗauki nauyi, kansil za ta yi abin da ta saba.

"Me ta saba?"

"Ƙonawa."

Mutumin da ya bi gawar ubana a ƙasa, a tura shi cikin tanda kamar shara, ba mai raka shi ko ɗaya. Na ce ni zan ɗauki nauyi.

Saurayin ya ce, "Ya taɓa gaya maka abin da yake so a yi da shi?"

Tambayar ta ba ni mamaki. A wurinmu ba a tambayar mutum wannan, don amsar ɗaya ce tun daga kan Annabi Adamu. Na ce mutumin nan ya yi shekara talatin a cikinmu, ya san yadda ake yi wa ɗan Adam sutura, ba zai so wuta ba. Ya ce duk da haka da mun ƙara haƙuri har a ji daga ƙanwar. Na ce haƙurin me? Bawan Allah yana kwance cikin ƙanƙara kamar kifin mai gidana, ana jiran teku ta huce?

Na garzaya otal. Allah ya sa Sule ya sake shigowa gari. Na gaya masa abin da kansil za ta yi.

"Wuta?" Ya miƙe tsaye, rigarsa ta share kofi daga tebur. "Malamin namu? Mu muna roƙon Allah ya raba mu da ita, su da hannunsu suke kai mutum? Ina raye? Garba, ɗauko hularka."

A ranar na ga abin da kuɗin mai yake yi. Ƙofofin Landan da suka ƙi buɗe mini tun zuwana, duk suka buɗe har da murmushi. Aka samo lauya, aka samo masu akwatin gawa, aka sayi kabari a wata maƙabarta wajen Dagenham. Saurayin kansil ya sake cewa da an jira. Sule ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaro, a garinmu jinkirta gawa wulaƙanci ne. Kai dai sa hannu."

Labari ya zaga. Ran jana'iza mutane suka yi ta sauka daga bas: likitoci, ɗalibai, ma'aikatan rediyo, waɗanda ya koyar da waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba, sun dai ji an ce wani malami zai tafi ba kowa. Manyan riguna bisa kwat, huluna suna ɗigar ruwa. Aka ɗauko wani limamin coci ya yi addu'arsu cikin sauri, ya kira sunan ba daidai ba. Mu ba mu yi masa salla ba, don ba a yi, amma mun tsaya, mun yi sahu har bakin hanya.

Da aka saukar da akwatin, masu haƙa kabari suka koma gefe suka kunna taba, suna jira mu watse su rufe. Haka al'adarsu take, dangi su juya baya, ma'aikata su ƙarasa. Sule ya dube su, ya dube mu. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda ya miƙa mini, ya karɓe shebur daga hannun ɗayansu. Wani likita ya karɓi ɗayan. Muka yi ta karɓa-karɓa, wanda bai samu shebur ba ya sa hannu. Laka ce mai nauyi, mai kama takalmi. Turawan suka bar tabarsu tana ci, suna kallo. Ba mu tsaya ba sai da muka tayar da ƙasar muka daddaɓe ta.

Sule ya share fuska da hannu mai laka, yana kuka kamar yaro. "Mun fita kunya, Garba. Ko a gida iyakar abin da za a yi ke nan."

Tun da na zo ƙasar, ranar ce kaɗai ban ji sanyi ba.

Bayan 'yan kwanaki kansil ta ce tana son gidan da ta ba Malam. Ina can ina ɗaure kwalayen littattafai da igiya, aka ƙwanƙwasa. Wata 'yar tsohuwa ce cikin baƙin kwat, da jaka a hannu. Hancinta irin na Malam kaɗai ya isa shaida. Ta ce ita ce Morag. Saƙon ya daɗe a hanya, jirgin farko da ya haye shi ta shiga, daga nan jirgin ƙasa, daga nan bas. Ba ta taɓa zuwa Landan ba.

Na ba ta kujerar, na zauna a tumtum. Na yi mata gaisuwar rashi iyakar Turancina. Ta ce ta san ni, ya sha ba ta labarina. Sannan ta buɗe jakar ta fito da wani ɗan akwatin katako, bai fi na ajiye alli ba, an goge shi yana sheƙi.

"Kafintan garinmu ya yi shi," in ji ta. "Ina zan je in karɓe shi?"

Na ce wa?

"Ɗan'uwana. Tokar."

Sai ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Ta ce ita ma ba ta so, limamin cocinsu ma ya yi faɗa. Amma zuwansa na ƙarshe ya sa ta yi masa alkawari. Ya ce ɗaukar akwatin gawa daga Landan har a haye teku ya fi ƙarfinsu su biyu, shi kuwa ya gaji da kwana a garin mutane. In aka ƙone shi, za ta iya riƙo shi a cinya har gida.

Na gaya mata abin da muka yi. Na faɗi komai, har sheburan. Ta saurara ba ta katse ni ba, hannunta bisa murfin akwatin.

"Mutane da yawa suka zo?"

"Da yawa, Inna. Har bakin hanya."

"Da laka a rigunansu."

"Har gwiwa."

Ta gyaɗa kai. "To. Na gode muku. Da ya ji daɗin wannan." Ta mayar da akwatin cikin jaka, ta ja zif, ya maƙale, ta yi ta fama da shi. Na miƙa hannu, ta ce in bari.

Washegari muka je wurin saurayin kansil tare. Bai ce ai ya faɗa ba, na kuwa so ya ce. Ya yi bayani cewa tono wanda aka binne sai da izini daga sama, abu ne mai tsawo, ga lauya, ga kuɗi, kuma ba lalle a yarda ba. Na je otal, aka ce Alhaji ya tashi Legas, jiragen simintinsa sun maƙale a tashar ruwa. Na aika masa, shiru. Kwas ɗina kuma ya zo ƙarshe, an ba ni takardar shaidar na iya haska hoto a bango.

Na raka ta tashar jirgin ƙasa. Ta ce a can an riga an haƙa ramin, ɗan ƙarami, a wajen ƙafar kabarin uwarsu. In ta isa za ta sa a mayar da ƙasar.

Malam yana Dagenham har gobe, bayan katangar kamfanin motoci.